Yadda alƙalin wasa ke lissafa mintunan ƙari, da yadda kai ma za ka iya bin sawun lissafinsa

Da zarar agogon talabijin ya nuna minti 90, alƙali na huɗu ya ɗaga allo, gidan kallo kan rabu gida biyu. Waɗanda ke gaba da ci ɗaya su ce mintunan sun yi yawa, waɗanda ke baya su ce an yanke musu. Haka abin yake a nan Sakkwato, a Mabera, haka yake a Runjin Sambo da Arkilla, haka kuma yake a filin wasa na Giginya idan ana gasa. A filayen unguwa kuwa, inda babu allo babu waya tsakanin 'yan kallo da fili, gardamar takan wuce ta baki. Yaro ne matashi riƙe da usur a tsakiyar fili, mutum ɗari na yi masa ihu: "Rafali, mi kaka jira? Busa mana!"

Ina rubuta wannan ne domin irin wannan matashin da ke koyon alƙalanci, da kuma ɗan kallon da ke son ya riƙa gardama da hujja. Abin da na yi imani da shi tun daga farko shi ne dokar ƙarin lokaci doka ce mai adalci. Inda take samun tangarɗa shi ne lissafin yana hannun mutum ɗaya, babu mai ganinsa sai shi. Duk alƙalin da ya mai da lissafin nan rubutacce, ya kuma sanar da shi a fili, ya rage wa kansa rabin rigima.

Abin da doka ta ce

Dokokin ƙwallon ƙafa guda 17 ne, hukumar IFAB ce ke tsara su. An kafa ta a 1886, ta ƙunshi hukumomin ƙwallo na Ingila da Sikotilan da Wales da Ireland ta Arewa, tare da Fifa. Doka ta 7 ce ke magana a kan tsawon wasa: zagaye biyu na minti 45 kowanne, da hutun rabin lokaci da bai wuce minti 15 ba. A cikin wannan dokar aka ce alƙali ya rama duk lokacin da ya salwanta a kowane zagaye, sannan aka jero abubuwan da ke cin lokacin: canjin 'yan wasa, duba wanda ya ji rauni ko fitar da shi, ɓata lokaci da gangan, ba da kati, hutun shan ruwa da na shan iska, jinkirin na'urar VAR (ta sake duba abin da ya faru a bidiyo), murnar cin ƙwallo, da duk wani dalili da ya jawo jinkiri mai yawa kafin a ci gaba da wasa.

Akwai sharuɗɗa uku da ya kamata ka haddace su. Adadin da aka nuna a allo shi ne mafi ƙarancin abin da za a buga, alƙali na iya ƙarawa amma ba shi da ikon ragewa. Kuskuren lokaci da aka yi a zagayen farko ba a rama shi a zagaye na biyu. Idan kuma aka ba da fenareti, ba a tashi sai an buga shi an gama.

Kada a haɗa wannan da minti 30 ɗin da ake ƙarawa a wasan sili-ɗaya-ƙwale idan an tashi canjaras. Ƙwallon da Nwankwo Kanu ya ci Brazil ta huɗu a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, a cikin wancan ƙarin ya ci ta. Shi wannan wani zagaye ne daban, kuma shi ma yana da nasa mintunan ƙarin a ƙarshen kowane minti 15.

Mataki na farko: ka gama magana kafin a take leda

A garin nan babban agogonmu rana ce. Yawancin wasannin unguwa bayan la'asar ake fara su, kuma filayen ba su da fitilu. Yi lissafi: idan aka fara da ƙarfe 4:30, minti 90 da hutun minti 15 sun kai ka ƙarfe 6:15 ba tare da ka ƙara ko minti ɗaya ba. A lokacin ɗari kuwa rana kan faɗi ne wajen ƙarfe shida da 'yan mintuna. Ke nan kafin ka zo kan mintunan ƙari an fara kiran magariba, 'yan kallo sun fara watsewa, mai tsaron raga ba ya ganin ƙwallo sosai. A nan ne alƙalai da yawa kan busa tashi da gaggawa, ƙungiyar da ke baya ta ce an cuce ta, kuma tana da gaskiya.

Doka ta ba ka mafita. Ana iya rage tsawon zagaye idan alƙali da ƙungiyoyin biyu suka amince kafin a fara wasa, in dai dokar gasar ta yarda. Saboda haka idan ka ga an makara, kira kyaftin biyu da masu horar da su, a gaban wakilin masu shirya gasa, ku tsai da magana: minti 40 ko 35 kowane zagaye, hutu minti 10, sannan ka bar wa kanka ratar aƙalla minti 10 ta ƙari kafin magariba. Bayan an take leda ba a sake wannan ciniki.

A wannan zaman ne kuma za ka faɗa musu ko akwai hutun shan ruwa. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan haura digiri 40, kuma babu wanda ya kamata ya yi gudun minti 45 a ciki ba tare da ya jiƙa maƙoshi ba. Doka ta bambanta iri biyu: hutun shan ruwa bai wuce minti 1 ba, na shan iska kuma daga daƙiƙa 90 zuwa minti 3. An saba yin su wajen minti na 30 da na 75. Duka biyun ana rama su cif a ƙarshen zagaye. Ka kuma tambayi ƙwallo nawa ke akwai. Filin da ke da ƙwallo ɗaya tak, ga katangar gidan mutane a bayan raga, lalle zai ci maka lokaci, gara kowa ya sani tun da wuri cewa za ka lissafa.

Mataki na biyu: agogo biyu da takarda

Agogon wasan ƙwallo ba ya tsayawa. Wanda kake gani a talabijin ma na masu watsa wasa ne, ba shi ne hukunci ba, domin Doka ta 5 ta ce alƙalin wasa shi ne mai kula da lokaci. Shi ya sa alƙalai da yawa ke ɗaura agogo biyu. Na farko ka tayar da shi da usur ɗin farko, kada ka sake taɓa shi. Na biyu ka riƙa tsayar da shi duk lokacin da aka samu tsaikon da za a rama, ka tayar da shi idan an ci gaba. Idan na farko ya kai 45, na biyu yana nuna 41, to bashin da ke kanka minti 4 ne.

Hatsarin wannan hanya shi ne mantuwa. Ka tsayar da agogo saboda rauni, gardama ta ɓarke, a ci gaba da wasa ka manta ba ka tayar ba. Don haka na fi son a haɗa da takarda. Bayan katin da kake rubuta sunayen waɗanda ka yi wa gargaɗi ya isa. Duk tsaikon da aka yi, duba agogo a farkonsa da ƙarshensa, ka rubuta daƙiƙoƙin kafin ka busa a ci gaba. Kamar mai shago ne da littafin bashi: wanda ya rubuta a lokacin da aka karɓi kaya ba ya rigima da kowa, wanda ya bari sai dare ya tuno kuwa, ko dai ya cuci kansa ko ya cuci mai saye. Idan kana da mataimaka masu tuta, ka sa babban cikinsu ya riƙe nasa agogon. Wayar hannu ba kayan aikin alƙali ba ce a tsakiyar fili, ka nemi agogon roba mai ƙirga daƙiƙa, ba shi da tsada.

Wanda ke ganin wannan shiri ya yi yawa, ya tuna wasan Tunisiya da Mali a gasar cin kofin Afirka, ranar 12 ga Janairun 2022 a Limbe ta ƙasar Kamaru. Janny Sikazwe na Zambiya, alƙalin da ya busa a gasar cin kofin duniya ta 2018, ya busa tashi a minti na 85. Aka ankarar da shi, aka ci gaba, ya sake busawa kafin minti 90 ya cika, alhali a zagayen an yi fenareti biyu, an duba VAR, an ba da jan kati, an yi canje-canje. Mali ta tafi da nasarar 1-0. Daga baya aka bayyana cewa zafin rana ne ya buge shi har sai da aka kai shi asibiti. Idan rana ta iya ruɗa ƙwararre irin wannan, ai alƙalin da ke busa a ƙasarmu cikin watan Afrilu ya fi kowa buƙatar takarda da mataimaki. Kai ma ka sha ruwa a lokacin hutun, ba 'yan wasa kaɗai aka yi wa shi ba.

Mataki na uku: sanin abin da ake ramawa da wanda ba a ramawa

Nan ne gundarin aikin, kuma nan ne 'yan kallo suka fi yin kuskure. Ba duk lokacin da ƙwallo ta fita ake ramawa ba. Jifa, bugun gola, bugun kusurwa da bugun tazara duk cikin wasa suke, an riga an ƙidaya su a cikin minti 90. Sai jinkirin ya wuce ƙa'ida ake lissafa abin da ya haura. Wannan ne ya sa a manyan gasannin Turai lokacin da ƙwallo ke yawo a fili bai cika kaiwa awa ɗaya ba, amma ba ka taɓa ganin an ƙara minti 30.

Canji. An daɗe ana amfani da ƙiyasin daƙiƙa 30 ga kowane canji, amma ka sani wannan al'ada ce ta alƙalai, babu ta a cikin doka. Abin da ya fi shi ne ka auna ainihin lokacin. Tun 2022 aka tabbatar da canji biyar a manyan gasanni, a cikin dama uku ga kowace ƙungiya ban da hutun rabin lokaci. Idan mutum uku suka shiga a tare, tsaiko ɗaya ne, ba uku ba. Tun 2019 kuma doka ta ce wanda aka cire ya fita ta layin da ya fi kusa da shi. Ɗan wasan da ke can kusurwa ya taho yana jan ƙafa yana gaisawa da kowa har zuwa benci, ka nuna masa layin kusa, in ya ƙi ka ba shi katin gargaɗi, ka kuma rubuta daƙiƙoƙin.

Rauni. Ka fara ƙirga daga lokacin da ka tsai da wasa har zuwa lokacin da aka ci gaba. Ba aikinka ba ne ka tantance wa ke ciwon gaske wa ke yi da gangan, kai ba likita ba ne, musamman idan bugun a kai ne. Ka bari a duba shi, ka rubuta lokacin duka. Wanda aka yi wa magani a fili dole ya fita ya jira izininka kafin ya dawo, sai dai in mai tsaron raga ne, ko rauni ne mai tsanani, ko 'yan ƙungiya ɗaya ne suka yi karo, da wasu 'yan keɓaɓɓun yanayi. Idan 'yan wasa suka gane cewa duk daƙiƙar da suka kwanta za ta dawo a ƙarshe, kwanciyar ƙarya takan ragu da kanta.

Murnar ci. A da alƙalai kan yi ko-oho da ita, yanzu an sa ta a jerin a fili. A filayenmu wannan babban abu ne, domin idan aka ci ƙwallo yara kan kwararo cikin fili, wani ma ya shigo da babur, kafin a fitar da su a dawo tsakiya an ci minti biyu ko uku. Duk ka rubuta.

Kati da gardama. Ba da kati shi kaɗai ba ya ɗaukar lokaci, amma idan aka kewaye ka ana jayayya, ko wanda ka kora ya ƙi fita, wannan lokacin na wasa ne aka ci.

Mai tsaron raga da ke rungume ƙwallo. Daga kakar 2025/26 an ba shi daƙiƙa 8, alƙali ya ɗaga hannu ya ƙirga biyar na ƙarshe da yatsu, in ya wuce a ba abokan karawa bugun kusurwa. Tsohuwar dokar daƙiƙa 6 ce da bugun tazara, kuma da wuya ka ga an yi aiki da ita. Wannan gyara ya yi mini daɗi ƙwarai, domin ya hukunta ɓata lokaci nan take, a gaban kowa, ba sai an jira ƙarshen wasa ba.

Sauran dalilai. Ƙwallo ta faɗa gidan maƙwabta, akuya ta ratsa fili, raga ta yage, guguwa ta taso da ƙura har ba a gani. Duk suna ƙarƙashin jinkirin da ba na wasa ba.

Ga misali na zagaye na biyu a wasan unguwa. An yi canji sau uku, na farko ya ci daƙiƙa 25, na biyu 40, na uku 55, jimla 120. An duba mai rauni na daƙiƙa 110. An ci ƙwallo ɗaya, murna ta ɗauki 70. Hutun shan ruwa 60. Ƙwallo ta tsallake katanga, 45. Gardamar kati 35. Idan ka tara za ka samu daƙiƙa 440, wato minti 7 da daƙiƙa 20. Abin da za ka sanar shi ne minti 7, ka kuma buga har 7 da 20. Kada ka sanar da 8, domin in ka faɗi 8 dole ka cika ta, tunda ba ka da ikon ragewa. Alƙalin da ba ya rubutu, a irin wannan zagayen minti 3 zai ce, saboda abin da aka saba ji ke nan, ya cinye wa wata ƙungiya fiye da minti 4 ba tare da ya yi niyyar cutar kowa ba.

Mataki na huɗu: sanarwa

A manyan wasanni alƙali kan faɗa wa alƙali na huɗu adadin ta na'urar kunne, shi kuma ya ɗaga allo a ƙarshen minti na 45 ko na 90. Mai allon ba shi ne mai hukunci ba, saƙo aka ba shi. Inda babu allo, ka ɗaga yatsu sama yadda benci biyu za su gani, ka kuma faɗa wa kyaftin biyu da baki: "Kyaftin, saura aƙalla minti bakwai." Kalmar aƙalla ɗin nan kada ka bar ta. Kuma ka faɗa wa duka biyun, kada ɗaya ya ji daga bakin ɗaya.

Mataki na biyar: lissafi bai ƙare ba don an ɗaga allo

Duk abin da ya faru a cikin mintunan ƙari shi ma ana rama shi. Magoya bayan Manchester City har yau suna tuna wasan hamayya da Manchester United na Satumban 2009 a Old Trafford. Craig Bellamy ya farke wa City ana dab da cika minti 90, wasa ya koma 3-3, aka nuna minti 4, sai Michael Owen ya ci wa United ta huɗu a minti na 96. Mark Hughes, kocin City a lokacin, ya yi ƙorafi sosai. Amma murnar cin Bellamy ta ci lokaci bayan an riga an tsai da adadin, United kuma ta yi canji a cikin mintunan, waɗannan su ne hujjar da aka kare alƙali Martin Atkinson da ita. Ko ka yarda da lissafinsa ko ba ka yarda ba, ƙa'idar da ya bi tana cikin doka. Bayan shekara uku ba cif ba, a Mayun 2012, ita City ɗin ce ta ci kofin Firimiya da ƙwallon Sergio Aguero a minti 93 da daƙiƙa 20, a cikin minti 5 da aka ƙara a wasanta da QPR, wasan da korar Joey Barton na QPR ta ci lokaci mai yawa.

Mataki na shida: lokacin busa tashi

Idan lokacinka ya cika, ya cika. Doka ba ta ce sai an gama kai hari ba, ba ta ce sai an buga kwana ba. Fenareti kaɗai ta keɓe, shi ma in an buga mai tsaron raga ya tare, ƙwallo ta dawo, babu bugu na biyu, wasa ya ƙare. A wasan da ake amfani da VAR har bayan usur ɗin ƙarshe ana iya dawowa, kamar yadda aka yi a wasan Brighton da Manchester United a Satumban 2020, inda aka ba da fenareti bayan an busa tashi, Bruno Fernandes ya ci a minti na 100.

Sai dai akwai hikima a kan doka. A gasar cin kofin duniya ta 1978, Clive Thomas na Wales ya bari Brazil ta bugo kwana a wasanta da Suwidin, ya busa tashi ƙwallo na sama, Zico ya sa kai ta shiga raga, aka ce ba ci ba ne, aka tashi 1-1. Bai karya doka ba, amma har yau ana ba da misali da shi. Darasin da alƙalai suka ɗauka shi ne, in lokaci ya cika kafin a bugo kwana, ka busa tun ba a bugo ba. In ka bari an bugo, ka jira ka ga ƙarshen wannan bugun. Kuma abin da ka yi wa wannan ƙungiya a zagayen farko, shi za ka yi wa waccan a na biyu.

Shin akwai adalci?

Akwai, idan aka kwatanta da rashinsa. Ba don ƙarin lokaci ba, duk ƙungiyar da ta fara ci sai ta kwanta a ƙasa har a tashi. Ƙarin minti 3 kacal aka yi a wasan ƙarshe na Zakarun Turai a 1999 a Barcelona, a ciki Teddy Sheringham da Ole Gunnar Solskjaer na Manchester United suka juya wasa a kan Bayern Munich. Alƙalin ranar shi ne Pierluigi Collina, kuma shi ne daga baya, a matsayin shugaban kwamitin alƙalan Fifa, ya umarci alƙalai su auna lokaci dalla-dalla a gasar Qatar ta 2022. Shi ya sa a wasan Ingila da Iran aka ƙara minti 14 a zagayen farko bayan raunin mai tsaron ragar Iran, Alireza Beiranvand, Mehdi Taremi kuma ya ci fenareti a minti na 13 na ƙarin zagaye na biyu. Mutane sun yi mamaki, amma ni ina ganin abin da ake ci mana a baya ne ya fito fili.

Inda nake ganin rashin adalci wuri uku ne. Na farko matsin lambar 'yan kallo. Wasu masana tattalin arziki uku, Garicano da Palacios-Huerta da Prendergast, sun yi nazarin wasannin gasar Sifaniya, suka wallafa a 2005. Sun gano cewa idan mai masauki na baya da ci ɗaya, alƙalai kan ƙara lokaci kusan ninki biyu na abin da suke ƙarawa idan yana gaba da ci ɗaya, alhali in tazarar ci tana da yawa bambancin ba ya fitowa. Waɗannan alƙalai ne masu albashi da jami'an tsaro. To ina ga yaron da zai bi ta cikin 'yan unguwar da aka ci kafin ya kai gida? Wanda duk ya shirya gasa bai tanadi masu kare alƙali ba, kada ya yi tsammanin lissafi na gaskiya.

Na biyu rashin daidaito. Gasar Firimiya ta ɗauki salon Qatar a kakar 2023/24, amma hukumar Uefa ta ce ba za ta bi ba a gasanninta. Ɗan wasa ɗaya, doka ɗaya, ranar Asabar a ƙara masa minti 10, ranar Talata minti 4. Wasu 'yan wasa, irin su Raphael Varane, sun koka a fili cewa tsawaita wasa na ƙara musu gajiya da rauni, kuma kukansu abin saurare ne.

Na uku shi ne wanda rubutu ba ya magancewa: minti ba ya maye gurbin minti. Ƙungiyar da ta matsa lamba a minti na 70, aka karya mata ƙarfi da kwanciyar ƙarya, ko an mayar mata da minti biyun a ƙarshe, zafin da ta ɗauko ya riga ya huce. Maganin wannan kati ne a kan lokaci. Alƙalin da ya jira sai minti na 88 kafin ya gargaɗi golan da ya fara jan ƙafa tun zagayen farko, ya makara.

Wasu na cewa a koma tsayar da agogo kamar yadda ake yi a ƙwallon kwando. IFAB ma ta kawo shawarar haka don tattaunawa a 2017, zagaye biyu na minti 30 da agogo mai tsayawa duk lokacin da ƙwallo ta fita, amma ba a mai da ita doka ba. A babban fili mai allon lantarki zai yiwu. A filin makarantar firamare da ke Gidan Igwai ko Tudun Wada, wa zai riƙe agogon, wa kuma zai yarda da shi? Ni abin da zan so shi ne a bar doka yadda take, amma a riƙa nuna lissafin: a talabijin a rubuto canji kaza, rauni kaza, VAR kaza, a wasan unguwa kuma alƙali ya miƙa takardarsa ga masu shirya gasa tare da rahoton wasa, duk mai ƙorafi ya je ya duba.

Idan kai ɗan kallo ne

Gwada wannan a wasa na gaba, musamman wasan da ba ƙungiyarka ke bugawa ba, domin son zuciya kada ya shiga. Buɗe agogon ƙirga daƙiƙa na wayarka a zagaye na biyu. Tayar da shi idan an tsaya don canji, rauni, kati, murna ko VAR, ka tsayar da shi idan an ci gaba. Kada ka taɓa shi don jifa ko bugun gola na yau da kullum. Idan aka ɗaga allo, ka kwatanta da naka. Bambancin minti ɗaya ba komai ba ne, domin kai talabijin na nuna maka maimaici a lokacin da shi alƙali ke kallon fili, kuma a Firimiya tun kakar 2024/25 ba a lissafa daƙiƙa 30 na farko bayan an ci ƙwallo. Idan bambancin ya kai minti uku ko huɗu, kana da hujjar yin magana. Bayan an ɗaga allo ka sake tayar da ƙirga daga sifili, ka tara duk tsaikon da aka yi a cikin mintunan ƙarin, ka ɗora a kan adadin da aka nuna, a nan ne ya kamata ka ji usur ɗin ƙarshe.